Basit Yana Jiranki Ranar Asabar

Maamobi, Accra

Baban Husseini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Doha? Mu nan sai godiya. Husseini ya shiga izu na uku, Yaya Asana tana gaishe ka. Da hannu na rubuta wannan zan ɗauki hotonsa in tura maka, domin in na kira ka a waya ba ka bari in kai aya.

Maganar motarka ce. Wallahi 'yan jar rigar nan da ka haɗa ni da su kafin ka tafi sun kai ni bango. Ka ce kamfanin gyaran mota ne babba, reshe a Madina ta nan Accra, reshe a ko'ina, akwai rasit, akwai garanti. To, rasit kam na tara, har na fara kunna gawayi da shi.

Ƙara ce take fitowa daga tayar gaba in na karya kwana. Na kai musu. Suka zaunar da ni a ɗaki mai sanyi, ga talabijin, ba a barin mutum ya ga mai taɓa masa mota. Da suka fito da ita sun yi mata juye, sun sauya waifa, sun rataya mini turaren kwali a madubi. Ƙarar fa? Tana nan daram. Na koma, na tarar da wata sabuwar fuska, na sake labari tun daga bismillah. Wannan ya ce kwamfuta ba ta nuna matsala ba. Na ce ɗan nan, kwamfutarka tana da kunne? Ranar sai da waakyen da na dafa, shinkafa da wake, ya huce a but, ma'aikatan ofis ɗin da nake kai wa abinci suka sayi na wata.

Don Allah ka yi mini izini in kai ta Abossey Okai wajen Awudu makanike. Ko ba komai a gabana zai buɗe ta, in ya ɓata kuma na san ƙofar gidansu.

Allah ya tsare mana kai, ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Mardiya

Doha

Mardiya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, ina lafiya. Ki shafa mini kan Husseini.

Awudu? Duk makanikan da ke Accra, daga Abossey Okai har Ashaiman, babu wanda ya zo bakinki sai mutumin da ya riga ni kai goro gidanku? Kin manta a kan gaisuwar da kuka tsaya yi a sunan gidan Issaka igiyarmu ta biyu ta tafi? Ban yarda ba. Ko tayar ce za ta cire ta wuce ki a titi, ban yarda ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Waye Basit?

Layina na Ghana yana nan a wayata. Ina tsaye a bakin makaranta ina jiran yaran maigidana sai ga saƙo da Turanci daga wurin gyaran nan: “Mardiya, mun yi kewarki! Basit yana jiranki ranar Asabar.” Na karanta, na goge gilashin waya na sake karantawa. Yanzu na gane dalilin da ƙarar taya ta ƙi ƙarewa. Ɗaki mai sanyi, ga talabijin, ko ba haka kika ce ba? Ina nan ina soyuwa a rana saboda ku, wani ƙato mai jar riga yana kewar matata.

Ina kishinki, Mardiya, ban taɓa ɓoyewa ba. In na rufe ido ina ganinki da mayafin nan ruwan toka kina dariya, sai in ji kamar in bi teku da ƙafa. Ki faɗa mini gaskiya, ɗan wane gida ne?

Na bar ki lafiya.

Mijinki,
Sulemana

Maamobi, Accra

Baban Husseini,

Sallama da gaisuwa. Da na karanta takardarka sai da na yi dariya har na ƙware, daga baya kuma raina ya ɓaci paa.

Kai da hannunka ka ba su lambarka ka rubuta sunana ranar da ka yi rajista. In da wani ne yake nemana, ta wayar mijina zai biyo? Haba! Kwamfuta ce take aika wa kowa. Zenabu mai shagon atamfa ma Basit yana kewarta, kuma ta girmi mahaifiyarka. Ni ban taɓa sa shi a ido ba. Wurin da ko wanda ya karɓi makullinka yau ba ka sake ganinsa gobe, ina aka saba har a kai ga kewa?

Ka bar wannan, ga abin da ya fi shi. Na sake komawa kan ƙarar, suka ce daga birki ne, suka kwance suka sauya abin da suka sauya. Ƙarar ta ragu, amma tun ranar birkin ya yi laushi. In na taka sai ƙafata ta nutse, sai na sake takawa yake kamawa. Na kira lambarsu, wata murya ta ce in danna ɗaya, in danna biyu, aka sa mini kiɗa har katina ya ƙare. Dole in mayar musu, su suka taɓa shi, kuma garantin da kake yabo bai ƙare ba. Ka san gangaren da nake bi kullum da safe da tukwane cike a baya.

Batun igiya kuma, ka riƙa tauna shi kafin ka furta. Guda ɗaya ta rage mana, kuma ni ina son gidana.

Allah ya sanyaya maka zuciya.

Matarka,
Mardiya

Doha

Mardiya,

Salamu alaikum.

Kwamfuta, ko? To kwamfutar nan ta san ranar haihuwarki. Yau da safe: “Barka da zagayowar ranar haihuwa, Mardiya! Basit ya tanadar miki kyauta ta musamman.” Ni mijinki sai a wayata na ji cewa yau ce. Abokin ɗakina ya leƙo ya gani, ya kau da kai. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kuma sai ga birki ya lalace daidai lokacin da ake jiranki. Shekara nawa na yi ina tuƙa motar nan taksi, birkinta bai taɓa ba ni kunya ba. Ki ƙara masa mai, ki riƙa bin hanya a hankali, in na zo hutu ni zan duba.

Ki karanta wannan da kyau, da hankalina na rubuta. In ƙafarki ta sake taka wurin 'yan jar riga, kowane reshe ne, to a bakin aurenki. Maganar Awudu kuma tana nan yadda na bar ta.

Ki zaɓa, ni ko mai kyauta ta musamman.

Wassalam.
Sulemana

Doha

Mardiya,

Salamu alaikum.

Ashe kin zaɓa. Ga abin da ya shigo ɗazu: “Mun gode da ziyararki ta yau, Mardiya! Yaya Basit ya kula da ke? Ki ba shi taurari biyar.”

Ko wata ba a yi ba. Na kira ki wayarki a kashe, ya yi kyau. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na rubuta ba, ke kika tsinke ta da ƙafarki. Allah ya isa tsakanina da shi.

Sulemana

Nima, Accra

Sule,

Assalamu alaikum. Ni ce yayarka Asana. Gaisuwa kaɗan zan yi maka, don ba ka cancanci mai yawa ba.

Wayar Mardiya a kashe take saboda tana ƙasan babbar kwatar Maamobi. Matarka tana asibiti da karaya a ƙafar dama da ɗinki a goshi. Takardarka ta ƙarshe a wayar Husseini ta shigo, ka tura can da ka kasa samunta, kuma yaron ne ya fara karantawa. Ka ji abin da ka yi.

Da safe ne, tana saukowa gangare da abincin ofis. Ta taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa. A gabanta mai koko ce da layin mutane. Sai ta karya kan motar ta ba wa katangar kwata. Waakye har tsakiyar titi, ƙwai yana gangarawa, mutane suna salati. Da aka ciro ta, ka san abin da ta fara ce mini? “Yaya, ki shaida ban je ba.”

Ba ta je ba, Sule. Tun da ka yi rantsuwar nan take zuba wa birki mai kowace safiya tana addu'a. Na ce mu kai wa Awudu a ɓoye, ta ce ba ta cin amanarka. Ka rufe mata ƙofar gabas, ka rufe ta yamma, sannan kana jiran kuɗin waakye ya biya makarantar ɗanka. Motar kuwa, wani ɗan kallo ne ya ga takardar kamfanin a manne a gilashi ya kira lambar, janwensu ya zo ya ja ta zuwa can. Da motar ta shiga ƙofarsu kwamfuta ta rubuta ziyara. Ziyarar da ka gani ke nan.

Na je wajen Malam Zulkarnaini da takardunka biyu. Ya karanta ya girgiza kai, ya ce ƙafa ka ambata, ƙafa kuwa ba ta taka ba, don haka aure yana nan. Amma ya ce abin da ka rataya yana rataye, ba a janye shi kamar igiyar shanya. Duk ranar da ta taka, shi ke nan.

Ka gode wa Allah, ka nemi kalmomin da za ka faɗa mata. Ni ban da su.

Sai na ji daga gare ka.

Yayarka,
Asana

Doha

Mardiya, uwar ɗana,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu, sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Da na karanta takardar Yaya na tafi wajen maigidana. Na nemi hutu, sun ce sai bayan Sallah.

Ki yafe mini. So ne ya yi mini yawa. Alhamdu lillahi da Malam ya ce muna nan. Ki manta da motar, kada ki kusanci wurin nan, zan sa a karɓo ta. Abu ɗaya kawai, don zuciyata ta kwanta gaba ɗaya: an ce mutanen unguwa sun yi ta zuwa dubiya. Awudu yana cikinsu?

Mai ƙaunarki har kullum,
Sulemana

Maamobi, Accra

Sulemana,

Wa alaikas salam. Na gode da addu'a, an sallame ni, ƙafa tana ɗinkewa. Na yafe maka karayar.

Na karanta takardarka har layin ƙarshe, shi na fi maimaitawa.

Yau da hantsi na ɗauki taksi ni kaɗai zuwa wurin 'yan jar riga. Na tsaya a bakin ƙofa da sandunana, mai gadi ya ce ya kawo mini kujera waje, na ce a'a. Na sa ƙafar hagu, mai lafiyar, na shiga har ɗakin sanyi. Na ce Basit nake nema. Yarinyar da ke kan tebur ta tambayi na kusa da ita, shi ma ya shiga ciki ya tambayo. Ashe ya bar aikin tun kafin ka hau jirgi, sunansa ne ba su cire daga kwamfuta ba. Sun ba ni haƙuri, sun ba ni turaren kwali.

Motarka ce, ka faɗa wa Yaya Asana inda za a kai ta. Husseini yana wurina a gidanmu, ƙofa a buɗe take gare ka a kansa.

Anjima saƙon godiya zai shigo wayarka. Wannan karon gaskiya ne, na je. Ka ba shi taurarin da ka ga dama.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Mardiya