Rufin Gurbin Baba

3 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Kabiri,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Meere da yara. Yaya zaman birnin Okland? Mu nan sai godiya, in ban da rijiyar bayan gida da ta koma ruwan gishiri.

Dalilin wannan takarda, dattawa sun yanke za a sake rufin zauren gari a watan Yuli. Ka san dokar: kowane gida shi ke rufe saman gurbin da yake zama a zauren, mata su ɗinka ganyen rufi, namijin gidan ya hau ya ɗaure. Gidan da bai ɗaure ba, gurbinsa ya tashi. Ni a gurbin mijina nake zama. Na Baba naka ne, kuma kai kaɗai ne namijin da ya rage. Shekarar da Kaka ya dawo daga haƙar ma'adinin taki a tsibirin Banaba, mun kusa dubu a tsibirin nan, maza bakwai na gidanmu suka hau saman gurbinmu. Bana ko ɗari uku ba mu cika ba.

Na fara ɗinki. Don Allah ka taho.

Yayarka,
Bwenaata

20 ga Yuni

Ƙanena Kabiri,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan tarin ƙaramar 'yarka ya sake ta.

Saƙonka ya iso a jirgin ruwan Talata, kwanon rufi goma sha biyu da 'yar takarda. Na tsaya bakin gaɓa har aka sauke buhun shinkafa na ƙarshe, ina leƙen kwalekwale ko za ka fito. Haba Kabiri, kwano? Shekara goma sha ɗaya ce ta mantar da kai haka? Tsoho Tekaai, maƙwabcin gurbinmu, ya ƙwanƙwasa shi da sanda ya ce, "'Yata, wannan ƙanen naki yana da hannu kuwa? Ce masa ya hau mu gani." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, don kada in yi kuka gaban surukaina.

Ka ce in ka fito yanzu takardar zamanka a can za ta lalace. Ban ce ƙarya kake yi ba. Na roƙi dattawa su bar mijina ya hau a madadinka, suka ce jini ke ɗaurewa, ba aure ba.

Na gama ganye ɗari biyu, yatsuna duk sun tsage. Saura jirgi ɗaya kafin ranar.

Taka mai jira,
Bwenaata

2 ga Agusta

Kabiri,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya.

An gama rufi. Sun yi mana kara, kwana huɗu suka bar saman gurbinmu a buɗe ko wani kwalekwale zai kawo ka. Ka san tsibirinmu, daga wannan teku kana hango wancan, ba inda mutum zai ɓoye fuskarsa. Rana ta biyar hadari ya haɗu, ruwa ya zuba ta kafar har ya jiƙa tabarmin maƙwabta. Dattawa suka aiko mini. Da kaina na ɗauki ganyen na kai wa Ioteba, ɗan Tekaai, shi ya hau ya ɗaure, gurbin ya koma na gidansu. Ɗinkina ne a sama, su ne zaune a ƙasa.

Ranar buɗe zaure mai shela ya kira gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya wuce bai ambaci Baba ba. Babu wanda ya iya kallona. Zuciyata ta karye, Kabiri. Ba fushi nake da kai ba, gajiya ce.

Ka ce za ka kawo yara Kirsimetin baɗi su ga gida. Ku zo, zan yanka alade. Amma ka shirya su tun daga can, kada su tambaye ka ina gurbin Baba a gaban mutane. Da kun shiga zaure za a ɗora muku furanni a ka, a yi muku waƙar maraba, a kai ku ku zauna a wurin baƙi.

Ka gaishe da Meere. Allah Ya tsare.

Yayarka,
Bwenaata