Wanda Zai Zuba wa Marka Ruwa

Madarumfa, 6 ga Fabrairu, 1972

Zuwa ga abokina Isa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Horon wanke hannu da ka zo ka yi wa ma'aikatan asibitinmu ya shiga kunne. Na ajiye babbar tasa da sabuni a ƙofar ɗakin haihuwa, kowa na wankewa. Amma ka san mutanenmu, sun mai da ita tasar cin tuwo. Babba ya fara tsomawa, na ƙasa su biyo, ruwa ɗaya tun safe har azahar. Inna Marka, tsohuwar ungozomarmu, ita ce farko. Delu mai wankin gyambo ta biyo. In haihuwa ta zo, Marka ta sake tsomawa a ruwan nan.

Cikin wata ɗaya mata uku sun yi zazzaɓi bayan haihuwa. Ɗaya, 'yar garin Safo, mun rasa ta. Ga matata Larai cikinta wata takwas, ta kuma ce Marka kaɗai za ta taɓa ta. Tsoro nake ji, Isa. Da wane baki zan ce wa matar da ta yanke mini cibiya hannunta bai fita ba?

Ka huta lafiya.
Maman, anfirme, malamin asibiti

Maraɗi, 13 ga Fabrairu, 1972

Malam Maman,

Na amsa gaisuwa. Allah ya jiƙan wadda ta rasu.

Laifin nawa ne: na ce a wanke, ban ce kada a tsoma ba. Ka ɗauke tasar yau. Ga buta biyu na ba direban motar kasuwa. Wani ya zuba, wani ya wanke, ruwan ya bi ƙasa. Ka ce musu kamar alwala. Wa ya taɓa yin alwala da ruwan da wani ya gama da shi? Magana ɗaya ta isa.

Tun muna makarantar lakkwal kake rawar jiki gaban tsofaffi. Kai ne shugaban asibitin, ka buɗe baki.

A gaida Larai.
Isa

Madarumfa, 25 ga Fabrairu, 1972

Isa,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Kana zaune a biro, ofishinka na Maraɗi, ka jiƙa mini aiki.

Ka manta Marka ba ta salla, addinin kakanninta take bi. Ni ma, don sakarci, na manta. Da na ambaci alwala a gaban kowa, sai ta ajiye butar a hankali, ta ce: "Maman, shekara talatin ina karɓar ɗiyan masu salla, ba wanda ya ce in yi alwala. Kai da na fiddo, kai za ka musuluntar da ni da buta?" Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita.

Yau kwana tara ba ta zo ba. Masu ciki sun bar mu, gidanta suke bi, inda ko sabuni babu. Larai ma ta ɗaure kayanta.

Jiya na je ban haƙuri, ko kallona ba ta yi ba. Amma na ga wani abu. Da aka kawo abinci, surukarta ta durƙusa da ƙwarya tana zuba mata ruwa a hannu. Ashe a gidanta ba ta tsomawa. Kada ka aiko wata shawara tukuna.

Sai an kwana biyu.
Maman

Madarumfa, 24 ga Maris, 1972

Abokina Isa,

Gaisuwa da albishir. Larai ta sauka a asibiti, mace. Yau kwana uku da suna, babu zazzaɓi.

Ga butocinka na mayar, da ƙwarya muke aiki. Na koma gidan Marka na durƙusa, na ce in ta dawo, ni da kaina zan riƙa zuba mata. Ranar haihuwar haka aka yi, da farar rigata, ma'aikata na kallo. Na zuba har gwiwar hannu. Ta duba ta ce: "Ƙara, ƙarƙashin farce bai fita ba."

Yanzu ta kafa doka, ba mai shiga ɗakin sai an zuba masa tana gani. Jiya ni ta maido daga ƙofa.

Allah ya bar zumunci.
Maman