Katakon Rufin Ɗakin Inna

Laraba, bayan isha'i, Zakirai

Yau ƙanwata Hauwa, mai karatun zanen gine-gine, ta raka ni sayen katakon rufin ɗakin Inna. Ni dai ƙwanƙwasawa na saba yi, in saurara, in ɗauka. Ita kuwa hoton kowanne take ɗauka, wayarta ta tantance ƙwarinsa.

Wanda na fi so shi wayar ta ƙi. Raina ya ɓaci.

"Yaya, matso ka gani," in ji Hauwa.

Ashe tsaga ce siririya ta bi tsawonsa. Shi fa na so in ɗora saitin gadon Inna! Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Gobe ita za ta nuna wa kafinta inda kowane katako zai hau, ni kuwa in riƙe tsani.