Takalma a Ƙarƙashin Benci

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan nan? Ina fata ka daina ɗaukar kaya kana cewa kai saurayi ne.

Bayan haka, na ga mutumin da ya fita da Baba. Wuri ɗaya muke aiki.

Ka san tun da na bar aikin jarida nake tare da masu shirya fim. Aikina lura ne: in kofi yana hannun dama a wannan fage, kada ya koma hagu a na gaba. Fim ɗin da muke ɗauka labarin wani sojan haya ne da aka kawo lokacin rikicin ƙabilanci, ya yi ta kisa, daga baya ya tuba ya ceci iyali guda. Darakta ya samo wani dattijo mai ɗingishi don ya koya wa jarumin riƙon bindiga. Kofur ake ce masa. Ba shi da surutu, kullum da alewa a aljihu yana raba wa mutane.

Ranar Talata muka zo fagen binciken gida. A rubuce, jarumin zai daki ƙofa ya shiga yana ihu. Kofur ya ce wannan wasan yara ne, mai neman mutane takalman bakin ƙofa yake fara dubawa, don mutum yakan ɓoye kansa ya manta da takalminsa. Darakta ya ji daɗi, ya ce in jera takalma. Yaya, hannuna ne ya ci amanata. Na jera su yadda Umma ta koya mana, ƙafa ɗaya cikin ɗaya, dunduniya jikin bango.

Kofur ya daɗe yana kallonsu. Sai ya ce jarumin ya matsa. Ya sa ƙafa ya tura ƙananan takalman ƙarƙashin benci, ko sunkuyawa bai yi ba, ya ɗaga murya ya ce babu kowa sai tsohon. Abin da muka gani ke nan ta hujin silin ranar da aka fita da Baba, lokacin da kake toshe min baki. Ban riƙe fuskar mutumin ba, amma na riƙe ƙafar. Ma'aikata suka yi ta tafi. Kofur kuwa ya tambayi mai yi wa 'yan wasa kwalliya wa ya jera takalman, ta nuna ni tana dariya, wai ga uwar tsari can.

Na rubuta labarin kashe-kashe ba adadi. Amma wannan mutumin, ban san sunan da zan ba shi ba. Ya bar mu da rai, ya kuma tasa Baba a gaba. A fim kuwa iyalin duka sun tsira, har da kiɗa.

Kada ka faɗa wa Umma. Kada kuma ka taso, na san halinka.

Taka ƙanwa,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Wasiƙarka ta iso. A'a, ban je wurin 'yan sanda ba. Da wace shaida? In ce musu na gane ƙafa?

Jiya da hantsi mai ɗaukar nauyin fim ɗin ya zo ganin aiki. Babban mutum ne, Shugaba ake ce masa. Ina cikin ɗakin tace hoto, inda ake cire takalmi saboda kafet. Nawa suna bakin ƙofa a jere irin na Umma, hali zanen dutse. Ta gefen labule na hango Kofur yana yi masa jagora. Da suka iso, ya tura takalmana ƙarƙashin benci, ya ce babu kowa, an tafi cin abinci. Shugaba ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi da wani suna da ba mu sani ba, ya ce har yanzu yaron kirki ne. Suka wuce.

Na zauna a ƙasa, bayana jikin bango, ni kaɗai, babu mai toshe min baki. Ka tuna ranar da aka fita da Baba akwai mota a waje, da wani a ciki yana ba da umarni, ba mu ga fuskarsa ba. Ban ce Shugaba ne ba. Abin da na sani kawai, Kofur ba ya ɓoye takalmin mutum sai in akwai wanda bai kamata ya gan shi ba. Kuma kowa yana cewa da Baba nake kama.

Zan koma gidan mai kwalliya da zama kafin in ga yadda iska za ta kaɗa. Ka rungume min yara, ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Ƙari: Yau Kofur bai zo aiki ba, wayarsa a kashe. Direbanmu ya ce ya ji Shugaba yana tambayar darakta ko 'yar jaridar nan 'yar gidan waye. Ban sani ba tukuna ko an ba shi amsa.