Harsashi Ukun da Ka Bar Mini

Zuwa ga kakana, Malam Garba maharbi na Banifandou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ban taɓa yi maka ba kana raye, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci. Mutanen gida duk lafiya. Na gaya wa matarka Hajiya tun da ka kauce yanzu ba ni da abokin takara a wurinta, ta jefe ni da muciya.

Tsoho, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Ranar sadakar arba'in ɗinka, da mutane suka watse, Hajiya ta miƙo mini gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da tsumma. Harsashi uku ne a ciki, kowanne da jan goro a gindinsa. Ta ce ka bar wasiyya: in gasar maharba ta bana ta zo, Sani ya tsaya a wurinka, da bindigarka, ya harba waɗannan. Jibi Asabar ce gasar. Ni kuwa ban yarda da kai ba.

Kai ba ka harba harsashin butiki, irin na saye. Ka ce wanda ya cika shi bai san bindigarka ba, bai san kafaɗarka ba. Da hantsi kake shimfiɗa buzu a zaure, ka jera kwanso, ka auna albarushi a ɗan sikelin nan irin na masu zinariya, ko tari aka yi kusa da kai sai ka sake awo. Iri biyu kake yi. Na barewa, don daji, ba ka yi musu alama. Na gasa, masu cin nisa, su kake tauna goro ka dangwala musu a gindi.

Ka tuna gasar shekara uku da suka wuce, can bayan Bobiel inda gidaje suka ƙare? An rataye faifai a jikin aduwa, nisan da sai na kanne ido kafin in hango shi. Harbi uku ake ba kowa. Ka durƙusa, ka yi bisimilla, ka danna kunama. Ƙasa ta tashi, faifai ko motsi. Na biyu haka, na uku haka. Baba Hima, abokinka Bazabarme da kuka tsufa kuna kayar da juna, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Ni ne. Yau na faɗa, masu karanta wannan su shaida. Ana gobe gasar, kana masallaci, na goge jan goron da lemun tsami, na tauna goro, ni da ko ɗacinsa ba na so, na shafa wa na barewa. A ganina wasan jika ne, harbi ɗaya za ka yi ka gane, ka biyo ni da sanda, a yi dariya a tashi.

Ba ka biyo ni ba. A hanyar komawa, kana bayana a moto, abin da ka ce kawai shi ne, "Sani, ashe ka fara cin goro." Ba ka sake tayar da maganar ba. Kafin shekara ta zagayo yanar ido ta rufe maka gani, lokotoro ya ce harbi ya ƙare. Ita ce gasarka ta ƙarshe, kuma ni na ɓata ta.

Shi ya sa gwangwanin nan ya hana ni sakat. Jiya a shagon ɗinkinmu na Kalley na haɗa wa wani alhaji aljihu a gadon baya. Mutumin da ya zuba mini barkono a shayi don na ɓoye masa carbi, shi zai haɗiye wannan shekara uku, ya tafi bai rama ba? Kuma uku cif, Tsoho. Ko huɗu ba ka yi ba, balle in gwada ɗaya a daji.

Na girgiza su a kunne, na ji motsi, amma ai yashi ma yana motsi. Na kai wa wani maƙerin zinariya ya ɗora a sikeli, ya ce nauyinsu ɗaya. Nan hankalina ya ƙara tashi, don kai in za ka yi mugunta, da awo za ka yi ta.

Na tambayi Hajiya yaushe ka cika su, kai da ba ka gani. Ta ce watan da za ka kwanta ne, kana zubawa da lalube, ita tana duba maka allurar sikeli. Na ce albarushi ne ko gero. Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban san dariya take yi ko kuka ba.

Ga kuma Baba Hima. Tun da aka mayar da takardar bindigar da sunana, kullum sai ya kira ni ya yi mini fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa, ya tambayi shiri. An ce ya gayyato maharba har daga Dosso, ya sa a kai kujeru. Gasar da tun da na sani a tsaye ake kallonta? Me kuka ƙulla?

Ƴan fadarmu, abokan hirata, sun ce in buɗe ɗaya in duba. Sau biyu ina ɗauko awartaki ina mayarwa. In na buɗe, ko albarushi na tarar, ya lalace ke nan, ba hannun da zai sake rufe shi kamar naka. Su ne na ƙarshe da ka taɓa. Akwai wanda har shatin babban yatsanka ya fito a jan goron.

Na san ba za ka sa abin da zai ji mini ciwo ba. Kai ka dafa kafaɗata ranar da na fara harbi, kai ka sauke bindiga a gabana don ka lura barewar tana da ciki, muka dawo gida da yunwa kana ba ni labari a hanya. Kunya kawai nake tsoro, kuma na cancance ta.

Jibi zan je, Kaka. Zan durƙusa inda ka durƙusa, in harba su yadda ka bar su. In sun faɗi a ƙasa ba zan gudu ba. Zan tsaya har Baba Hima ya gama dariyarsa, in gaya wa maharba abin da ya sa ka kuskure ran nan, su san hannunka bai taɓa rawa ba. In kuwa faifan ya huje, ban san inda zan sa fuskata ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya mayar maka da ganinka a Aljanna fiye da na ƙuruciya. Allah Ya sa ka tafi ka yafe mini, ko da me ka cika su. Amin.

Jikanka marar ji,
Sani