Man Giyar Motar Inna

Zuwa ga Yayana Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti Khaulat da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan Minjibir sai godiya, an cire gyaɗa, dawa ta yi kyau, Maimunat kuma ta sauka lafiya, an sami namiji.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don ba zan iya faɗin wannan magana ina jin muryarka ba. Motar da ka bari don kai Inna asibitin Kano duba ƙafarta ta tsaya, kuma ni ne sila. Ka tuna ranar da za ka tafi ka zaro ƙarfen awon man giya ka nuna min, ka ce muddin yana ja kamar zoɓo to lafiya lau, in ya fara duhu ko yana ƙauri a canza shi ba jira. Ni kuwa baƙin man inji kawai nake juyewa, ina ganin na gama aiki. Ga shi ka san halin garinmu, motar da ke ƙofar gida ta kowa ce. Maƙwabcinmu Malam Usaini a kai masa taki gona, Ja'afaru a kai masa buhunan gyaɗa kasuwa, wani kuma a kai amarya ta cikin yashin rafi, ni kuwa bakina ba ya iya furta a'a ga wanda ya girme ni. Bakanike ya ce lodi da yashi da zafi su ke ƙona man tun kafin lokacinsa, motar da ke shan irin wannan wahala ba a jira mata cikar kilomitar da aka ƙayyade kafin a canza man.

Motar ta daɗe tana yi min gargaɗi, tana fizga in za ta canza giya, ina cewa sanyin safiya ne. Ranar Talata muna hanyar asibiti, daidai bakin kasuwa, sai inji ya yi ta kuka mota ba ta motsi. Man giyar da bakanike ya zuƙo baƙi ƙirin, yana ƙaurin tuwon da ya kama. Yaya, a idon jama'a aka ciccibo Inna aka ɗora ta bayan babur a mayar da ita gida, tana jan mayafi tana rufe fuska. Ganin likitan kuma ya wuce mu, sai wani watan. Ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi kada in gaya maka, kai ma kana da naka nauyin. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na ji kunyar maƙwabta, na kunyata uwata, ga shi yanzu ina saɓa mata don kada in ci amanarka.

Ba don ka aiko da komai na rubuto ba, gyaran a wuyana yake, kuma na sami wanda zai kai Inna ganin likita. Jiya Malam Usaini ya dawo daga tafiya, bai ji labari ba, ya turo a ba shi aron mota. Karo na farko na ce a'a, amma kada ka yaba min, ihu ne bayan hari, motar ma tana gareji.

Ka yafe min. Ka gaida Anti Khaulat, da Sabiru da Nuriyya. Baba Kolo da Goggo Falmata suna gaishe ku. Inna ma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka mota tana nan lafiya ƙalau.

Ƙaninka mai jin nauyinka,
Fa'izu