Turakun Jirgi a Gonar Baba

Aliero, Jihar Kebbi,
Talata, 18 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa maka kasuwa, ya kare ku daga ruwan Fatakwal da na ji an ce bana ya ƙi ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Malam Atiku yana nan da aikinsa na asibiti, ni ma ina nan da 'yan ajina. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta iya zuwa Fagada sunan jaririyar ƙanwarmu Raihanatu, wadda aka sa wa Amatullahi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau uku ina kiranka da niyyar gaya maka abin da ke faruwa, ko layi ya yanke, ko in ji hayaniyar kasuwa ta rufe muryarka. Maganar kuma ba ta tsaye ba ce. Shi ya sa da na ji Sahabi direba zai sauko da lodi jibi, na ce gara in zauna in rubuta, ya miƙa maka hannu da hannu.

Wataƙila ka ji a rediyo cewa gwamnati ta ware kuɗi don fara aikin hanyar jirgin ƙasa na fasinja da zai haɗa garuruwan yankinmu, ya biyo ta Jega ya yi kudu. Mu ma mun ji, muka yi dariya muka wuce, don ba yau aka fara faɗa ba. To, mako biyar da suka wuce sai ga wata farar mota a garinmu Birnin Malam, da mutane huɗu masu huluna irin na 'yan gini. Suka kafa wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa, suka yi kwana biyu suna awo. Da suka tafi, sai aka tarar da turaku shida na siminti, kawunansu da jan fenti, sun ratsa gonar Baba ta fadama tun daga gindin mangwaro har bayan rijiya. Daidai tsakiyar wurin albasa, Yaya.

Na zata Baba zai tayar da hankali. Ina zuwa ranar Asabar sai na same shi yana fara'a irin wadda na daɗe ban gani ba. Ya zaunar da ni ya ba ni labarin yadda ya shiga jirgi a Ƙauran Namoda yana saurayi, ya kwana biyu a ciki kafin ya ga Ikko, da yadda wata mai tuwo ta biyo jirgin da gudu don ya manta bai mayar mata da kwanonta ba. Ya ce bai taɓa tsammanin zai rayu ya ga jirgi ya biyo ta ƙofar gidansa ba. Daga nan ya yanke cewa bana ba za a yi dashe ba, wai ba zai sa a zuba wahala a ƙasar da za a tone gobe ba. Irin albasa kuwa yana nan a wurin reno, ya kai dashe, kullum ƙara tsawo yake. Inna ta ce kowace safiya in ya fito daga masallaci sai ya ɗauki sandarsa ya tafi gona, ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, tunda idon ba ya gani sosai yanzu, sannan ya dawo ya tambaya ko an ga motar nan ta sake zuwa.

Garin ma duk ya ɗauka. Wannan ya ce tasha za a gina a nan, wancan ya ce a'a, sai kusa da Aliero saboda ɗaliban jami'a. Wasu sun ce diyya za ta yi kauri, wasu sun ce wanda ba shi da takardar gona ko sisi ba zai gani ba. Ana cikin haka wani Alhaji Sharif daga Jega, mai harkar filaye, ya fara zagaya gidajen da turaku suka taɓa yana tayi. Bai je wurin Baba ba, ƙanenmu Waliyyu ya samu a gona. Ya ce masa in gwamnati ta karɓa sai an shekara goma ana zirga-zirga a kan diyya, shi kuwa zai biya yanzu ya ɗauke musu wahalar.

Yaya, kada ka yi saurin ganin laifin Waliyyu. Shekara tara ke nan shi ke riƙe da gonar nan. Shi ke tayar da injin ban ruwa, shi ke kwasar albasa zuwa kasuwar Aliero, mu sai dai a aiko mana da rabonmu. Abin da ya faɗa wa Baba shi ne a sayar, a nemi wata fadama can wajen Karaye inda ba a kafa komai ba, ya ci gaba da nomansa da kwanciyar rai, tunda ga mata ga 'ya'ya uku. Baba ya ce in hukuma ta zo don amfanin jama'a, ta ɗauka, amma ba zai sayar wa ɗan kasuwa ƙasar da ubansa ya share da hannunsa ba. Waliyyu ya ce to a yi dashe mana kafin iri ya lalace. Baba ya ce a'a. Sai Waliyyu ya ce ke nan ba sayarwa ba shuka, iska za su ci? Inna ta ce bai ɗaga murya ba, amma Baba ya ji zafin maganar, ya ce masa gonar ba tasa ba ce tukuna. Washegari Waliyyu ya ɗauki iyalinsa ya tafi Maiyama gidan surukansa.

Makon da ya wuce aka yi shelar taro a Jega kan maganar jirgin. Na nemi izini a makaranta na je. Zauren ya cika maƙil, mata ba mu fi goma ba. Bayan jawabai masu tsawo sai wata injiniya, Altine sunanta, ta tashi ta yi bayani da Hausa. Ta ce kuɗin da aka ware na bincike ne kawai: a auna ƙasa, a ƙidaya masu tafiya, a duba inda za a yi gadoji, a zana taswira. Ta ce ko ƙarfe ɗaya ba a saya da su. Ta ce hanyoyi biyu ake dubawa, ɗaya ta Birnin Malam, ɗaya ta wajen Karaye, kuma can ma za a kafa turaku wata mai zuwa. Sai an gama binciken za a zaɓi ɗaya, sannan a shiga neman kuɗin ginin, wanda ta ce ba ta san ranar samunsa ba.

Da aka tashi na bi ta har bakin mota. Na gaya mata mahaifina ya hana dashe saboda turakunsu. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Malama, ki ce wa Baba ya dasa albasarsa. Ya dasa bana, ya dasa baɗi. In na ce miki ga shekarar da jirgi zai zo, na yi miki ƙarya." Ta ƙara da cewa kada mu sa hannu a takardar kowa, mu dai nemi shaidar mallakar gonar mu ajiye.

Daga Jega Birnin Malam na wuce. Na faɗa wa Baba komai, ban rage ba. Ya saurara har na gama. Can ya tambaye ni shekara nawa binciken zai ɗauka, na ce ta ce biyu ko fiye. Ya tambayi ginin kuma fa, na ce ba ta sani ba. Sai ya ce, "Ashe ba nawa ba ne. Na jikoki ne, in Allah ya so." Wallahi Yaya, da na san yadda fuskarsa za ta koma, da na nemi hanyar faɗa a hankali. Ranar bai ci tuwo ba. Amma da safe ya ce a kira mutane a yi dashe. Malam Atiku ya nemo maƙwabta aka yi gayya ranar Lahadi. Kusan rabin irin ya riga ya tsufa, an zubar. Abin da aka dasa bai wuce daga mangwaro zuwa turke na uku ba.

Jiya na je Maiyama wurin Waliyyu. Alhaji Sharif tun da ya ji maganar hanyoyi biyu ya daina ɗaukar wayarsa, an ce yanzu yana can Karaye yana zagaye. Na zata wannan zai sa Waliyyu ya dawo, sai na tarar ba a nan ciwon yake ba. Ya ce turakun nan sun nuna masa cewa shekara tara ya yi yana gini a wurin da ba shi da ko taki ɗaya, kowa na iya zuwa ya ɗauke, hukuma ko gida. Ya ce ba zai koma ba sai Baba ya nuna masa abin da yake nasa a gaban shaidu, in ba haka ba zai biyo motar albasa ya same ka a Fatakwal ya nemi abin yi. Na roƙe shi ya ba ni mako biyu. Ya yarda da ƙyar.

Ni dai na rasa inda zan sa kaina. Ina aji ina koyarwa, raina yana Birnin Malam. Albasar da aka dasa tana son ruwa duk bayan kwana uku, Malam Atiku ba zai iya barin aiki kullum ba, Baba kuma ba zai iya tayar da inji ba. Kuma in gaya maka gaskiya, ni ma ina son jirgin nan. Duk sa'ad da na shiga motar Jega na ga yadda tireloli ke matse mu, sai in ce Allah ya kawo shi ko ta kan gonarmu ne. Amma ba na so kafin ya zo ya tarar gidanmu ya watse. Kai ne babba, kuma kai kaɗai Baba ke saurare in ana maganar ƙasa. Ka kira Waliyyu tun ranar da takardar nan ta same ka, ka riƙe shi da magana. Sannan ka duba yadda za ka zo ko na kwana huɗu ne, a zauna da Baba da Kawu Gidaɗo a yanka wa yaron nan wurinsa, a kuma je a yi wa gonar takarda.

Ka gaishe mini da Anti Azumi, ka ce na ga atamfar, Allah ya saka. Ka gai da Muhammad da ƙannensa, su dage da karatu. Inna tana gaishe ku, ta ba Sahabi ƙullin kuka da daddawa, ka tambaye shi kada ya manta da su a mota. Raihanatu da mijinta da Malam Atiku duk suna gaisuwa.

Na kira Baba ɗazu na gaya masa ina rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Sai ya ce, "Ki ce masa kada ya jira jirgi. Ya hau mota ya zo."

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zulai Isiyaku